Makulli na Uku

Ɗakin siminti ne, rufin kwano, bayan lakkal,
ƙofar ƙarfe, kwaɗo uku.
Makulli ɗaya na hannun Nomau, ɗaya wurin Malam Ranau,
na ukun ni, Tsahara, nake ɗaure da shi
a bakin zanena da igiya.

Mun gina shi shekarar da muka gane lissafi.
Da kaka Alhaji kan turo mota daga Maradi,
tiyarsa mai faɗin baki, a cika, a yi mata tozo,
dala tamanin, ka karɓa ko ka bari.
Ran da gero ya yi ciki a gona bai haihu ba
sai mu bi kwalta, mu tarar da hatsinmu a shagonsa.
Buhun ma ɗinkin mijina ne, na gane zaren.
An ninka kuɗi sau uku,
an bubbuge gindin tiya.

Na ci jiga ba gishiri.
Na jiƙa anza, na zubar, na sake jiƙawa, ɗacin na nan.
Akuyar da ta shayar da autana
kuɗinta bai kai mu Juma'a biyu ba.
Kada wani ya zo da takarda ya karanta min yunwa,
ni da ita mun sha ruwa a rijiya ɗaya.

Sai muka ce: kowane gida tiya goma da kaka.
Tsakar damina ka ɗauka, in ka girbe ka mayar
da ɗan tafi guda a kai, ladan ɗaki.
Ba a buɗewa sai rana tsaka, makulli uku, idon jama'a.
Barmo, yayana, ya yi dariya har da tafa cinya.
Ya ce bankin mata, gara da ɓera za su gaje shi.
Ya kwashe rumbunsa kaf ya kai wa Alhaji,
ya sayo babur, zai yi kabu-kabu a hanyar Jiratawa.
Babur ya mutu tun ba a gama shuka ba,
yana jingine, kaji na kwana a kan taya.

Daren Laraba, ruwa na zuba, aka taɓa ƙyaure.
Bai zauna ba. Bai dube ni ba.
Ya ce Nomau ya yarda, Malam ya ce in kin yarda.
Tiya biyar kawai, Tsahara, dare ne,
wa zai gani?
Nono ɗaya muka sha.
Shi ya goya ni ranar da aka binne Inna.
Makullin ya yi min nauyi kamar dutsen niƙa.
Na juye masa tuwon da na ajiye don ɗumame,
na ce wannan nawa ne, tafi da shi.
Wancan ba nawa ba ne, Yaya.

Da safe na kai maganar gindin gawo,
wanda ba ya inuwa da damina, kowa ya ga fuskar kowa.
Hinda ta miƙe: ba shi ya yi mana dariya ba?
Aka yi ta hayaniya har tsohuwa Kande ta buga sanda.
Ta ce shi ya yi dariya,
'ya'yansa shida ban ji sun yi ba.
Aka buɗe kwaɗo uku.
Ni na auna, goma sha biyar, hannuna na rawa,
ya dangwala yatsa a littafi gaban mata,
tawada ta fi masa ciwo bisa ƙaya.

Wata uku ke nan bai gaishe ni ba.
In mun haɗu a turba sai ya duba sama
kamar mai neman hadari.
Matarsa dai tana aiko min da kuɓewa.
Shekaranjiya na wuce ta gonarsa yana ɗaurin dami,
na ga biyu a ware, nesa da sauran, an rufe da kara.
Ban tsaya ba. Na gyara makulli a ƙuguna,
na ci gaba da tafiya.