Da Sauransu

Shekara talatin da huɗu ina manna masa gashin baki.
Ni ne mai hoda da danƙo a Taliganj,
ɗaki na uku, kusa da famfon da ba ya daina ɗiga.
Shi kuwa Nitai Pakrashi,
wanda kowa ke kira Nitai Babu.
A bakin jama'a Babu, a jikin fosta ma babu.

Da sassafe yake hawo taragon lantarki daga Shambaza,
laima a hammata ko rani ko damina,
ya zauna gaban madubina mai tsaga, ya ce,
"Horen, yau wa za ka mai da ni?"

Na mai da shi masinja mai kawo wasiƙar rabuwa.
Na mai da shi likita mai cire tabarau ya girgiza kai.
Kuku, akawun kotu, kawun amarya mai haɗama,
sai mai ba da bashi da ruwa, har sau goma sha tara.
Wannan ya ja masa:
mai kifi a kasuwar Maniktala ta hana shi ilish,
wai sai ya mayar wa matar mamacin nan awarwaronta.
Ya iso yana dariya har hawaye na ɓata mini hoda,
ya ce duk lambar yabon da aka hana shi
ga ta nan a cikin kifi ɗaya.

Jarumi yana da mota da mai riƙe masa laima.
Nitai yana da layi guda:
"Maigida, shayin ya huce."
Kwana uku yana juya shi a baki kamar mai tsotsar tsamiya.
Da ya faɗe shi gaban kyamara
sai mai riƙe fitila ya sunkuyar da kai,
don duk mun ji ba shayi yake nufi ba,
gidan ne gaba ɗaya ya huce.

Sau ɗaya rabo ya ƙwanƙwasa.
Wani yaro mai gemu ya ba shi fim sukutum,
tsohon matuƙin kwalekwale a kogin Hugli.
Yana da sittin da ɗaya ya koyi tuƙi
har tafinsa ya yi kanta.
A faifai na huɗu kuɗi suka ƙare.
Gwangwanayen suka kwana biyar a ambaliya,
aka buɗe, sai wari.
Ya tsinci guntu, tsawon ɗan yatsa, hoto tara,
ya ajiye a gidan tabarau.
Wani lokaci yakan ɗaga shi saitin taga,
ba ya cewa komai, ni ma ba na tambaya.

A majigi ya mutu sau goma sha ɗaya,
ko yaushe da wuri, kafin a tafi hutun rabi.
Ta goma sha biyun ta zo ranar Talata, ba fitila, ba mai cewa a sake.
Molina, matarsa, ta aiko in gyara masa fuska.
Na buɗe akwatina, na tsaya.
Gashin baki arba'in a jere, babu nasa.
Na shafa masa man sandal a goshi kawai,
na ga wani mutum mai ƙaramin haɓa
da ban taɓa yi wa kallon tsanaki ba.

Hanyar Nimtala, muna ɗauke da shi,
masu shaguna suna leƙowa:
"Ai wannan ne! Wane ma... na fim ɗin nan..."
Mai jan amalanke ya ajiye sandunansa, ya haɗa hannu.

Yanzu da rana talabijin kan saka tsofaffin.
Jikata ta tashi da zarar jarumi ya rungumi jaruma.
Ni ina zama har sunaye su hau,
manya, matsakaita, ƙanana,
sai kalma biyu a can ƙasa: da sauransu.
Nan nake gaishe shi.
Sannan in ɗauki kofin laka na kusa da ƙafata,
in kurɓa haka nan, ko da ya huce.