Indararon Rana

Ƙarfe uku na dare a Cadarache.
Iska na kaɗa ganyen zaitun a bayan shinge,
kogin Durance na tafiyarsa bai tambayi kowa ba.
Solène Garcin ta zare takalmi a ƙarƙashin tebur,
kofinta ya huce tun ɗazu, ba ta lura ba.

Bayan wancan bangon akwai zoben ƙarfe,
cikin zoben akwai wutar da ba ta taɓa komai,
maganaɗisu ya rataye ta a sarari.
Cibiyarta ta fi cikin rana zafi,
amma Aurélien, mai lura da cibiya, cewa yake da saura.

"Ƙara mata," in ji shi. "Ba ta nuna ba."

Solène ba cibiya take kallo ba.
Idonta na ƙasan zoben, wurin indararo,
inda duk zafin da ya sulale daga gefe
yake bin layin maganaɗisu ya sauka
a kan tsiri ɗaya, siriri kamar bakin wuƙa.
Tubalan tangistan ne ke tarbarsa.
Ita ta jera su da sanyin bara,
a durƙushe cikin farar riga, har gwiwa ta yi kanta.
Na arba'in da bakwai yana da ɗan tabo a kusurwa,
shi take fara dubawa kullum, kamar uwa da autanta.

Harbin farko, tubalin ya yi ja.
Ƙwayar ƙarfe da ido ba ya gani
ta ɓalle, ta haura, ta shiga cibiya,
wutar ta mutu kamar an hure fitila.

Sai ta buɗe wa gefe iskar niyon
don zafi ya watse ya zama haske
kafin ya kai ƙasa.
Harbi na biyu, hannu ya zarce.
Tubala sun yi sanyi lafiya lau,
cibiya ma ta yi sanyi.
Aurélien ya jefar da biro.
"Kin ceci tukunya, kin kashe miya."
"Kai kuma miyarka a tafin hannu za ka dafa ta?"

Shiru.
Gaba kura, baya sayaki,
kuma su biyun wuta ɗaya suke kiwo.

Ya jawo kujerarsa kusa da tata.
Ya rage kaɗan daga abin da yake so,
ta rage kaɗan daga abin da take tsoro,
niyon ya shiga kamar gishirin mai hawan jini.

Harbi na uku.
Daƙiƙa biyar. Goma.
A fuskar allo harshen wutar ya ɗaga,
ya bar tubalin da tazarar ɗan yatsa,
wani hazo mai haske ya tsaya tsakaninsu,
cibiya kuwa ba ta sunkuya ba.
Solène ta manta da numfashi.
Ashirin da shida, sannan layi ya karkace.

Ba wanda ya tafa.
Ya rubuta lambobi, ta rubuta lambobi.
Na arba'in da bakwai yana nan da tabonsa, bai ƙaru ba.

Da asuba ta bi hanyar Vinon,
mai burodi na ɗaga ƙofar shago.
Rana ta leƙo ta kan duwatsu,
ta rage gudu, ta harare ta:
ke kam kin huta,
sarari duka indararonki ne.