Kama-Karya

Ranar Talata Barira ta ɗaga hannu daga bencin baya:
"Malam, wai kama-karya, daga ina kalmar ta fito?"
Na buɗe baki, aka kaɗa ƙararrawa. Na tsira.

Da la'asar na bi ta bayan Kusugu
zuwa zauren Ilu maɗori,
ba don tambayar ba, don ƙafar ƙanena
da babur ya taka a hanyar Mai'aduwa.
Ina danne da gwiwar yaron tambayar ta suɓuce mini.

Ilu bai ɗago ba, yana feren kara.
Ya ce, "Kai da ka yi boko?
Kalma biyu ce aka ɗaure da igiya ɗaya.
A kama. A karya.
Leƙa tsakaninsu, ko allura ba ta shiga.
Babu me ya yi, babu a kira shaidu,
babu ma tsaya in sa takalmi."

Ya ja ƙafar. Yaron ya kira sunan uwarmu.

"Ni ma kamawa nake yi, ga shi ka gani.
Wani sa'in har in karya,
idan ƙashi ya haɗe a karkace.
Amma sai mai ƙafa ya ce bismilla,
kuma gobe ina nan kan buzuna,
in ta kumbura a zo a zage ni.
Wancan fa, wa ya san ƙofar da ake kai masa kuka?"

Ya naɗe tsumma, ya tofa, ya karɓi abin goro.

Da dare na rubuta kalmar a bayan takardar jarrabawa.
Na lanƙwasa kan harafi ɗaya, ta koma ƙarya.
Na miƙe shi, na sauya murya,
sai ga karya kwance bakin rariya,
ba ta barin kowa ya wuce.
Fitila ta mutu ina juya ta.

Laraba na shiga aji da amsata a aljihu.
Na zana kalmar a allo, na ja layi a tsakiya,
ina cewa nan ne aka cire tambaya,
sai wani ya tuntsire da dariya a bayana.
Ban juya na ce wane ne ba.
Na cafko wuyan rigar na kusa,
ɗaya hannun ya riga ya sami tsumagiya.

Aji ya yi tsit.
Barira ba allon take kallo ba.