Taku Huɗu

Taku huɗu ne tsawonsa, na auna,
faɗinsa uku, in ban buɗe ƙafa ba.
A nan Baffa Gambo yake tara gyaɗa
kafin gwiwa ta zaunar da shi.
Har yau, in rana ta bugi kwano,
bango sai ya tuna, ya saki ƙamshin ƙuli.

Da asuba ɗakin masallaci ne.
In na shafa, in naɗe darduma,
in sauko da tsohon ƙyauren
da Hammadu kafinta ya rataya mini da sarƙa biyu,
shi ke nan, tebur ya samu.
Kwamfuta a kai, shayi a gefe,
katifa tsaye, jingine da bango,
kamar baƙon da ba a ba wurin zama ba.

Ga ni a biro.
Ban hau moto ba, ban kashe ko dala ba,
ban ƙetare gadar Binuwai ba,
amma buhun albasa dubu da ɗari shida
sun bi ta ƙarƙashin yatsuna kafin hantsi,
daga Garwa zuwa Ngaundare,
har Duwala, garin da ban taɓa kwana ba.
Na san buhun da ya ruɓe a hanya.
Na san direban da takardarsa
ta fi motarsa shan mai.

Inna Didi ta leƙo da faifai:
"Tasalla, tunda kina zaune,
tsince mini shinkafar nan."
Tunda kina zaune!
Haka duk Rumde Ajiya ke gani,
wanda bai fita ba bai nema ba.
Ran da albashi ya faɗo cikin waya
ta karɓa, ta juya, ta duba bayanta,
ta ce, "Allah dai ya sa na halal ne."

Azahar ɗin Garwa ba ta san mai aiki ba.
Wuta ta tafi babu sallama,
fanka ta yi juyi uku ta sume,
batirin solar da na ci bashi na saya
ya ɗau nauyin gida kamar ɗan fari.
Intanet kuwa kyanwar maƙwabta ce,
yanzu tana taga, an jima tana katanga,
sai na taka turmi, na ɗaga waya sama
kamar mai duban jinjirin wata.

Laraba muke taro.
Sama na kafa ɗauri, na shafa hoda,
ƙasa zanen barci ne da silifa.
Bayana shuɗin labule na rufa mini asiri:
risho, tukwane, igiyar shanya.
Madam Ekwala na neman lissafin wata
sai ga akuyar Goggo Nenne ta turo kai,
ta cafki gefen labule,
ƙusa ta saki.
Mutum bakwai a gari huɗu
suka ga miyar yakuwata ta jiya.

Na daskare.
Can sai Madam ta tuntsire,
ta juya allonta a hankali:
ga wanki a jiƙe, ga jika na barci,
ga tukunya, ita ma ba murfi.
Na Marwa ya juya, kaji ne a bayansa.
Ashe kowa da labulensa.

Da magariba na rufe Duwala da hannu ɗaya.
Tebur ya ɗauki tuwo, ya ɗauki guga,
Bobbo ɗan ƙanena ya yi jinga a kai,
sannan ya koma bango, ƙyauren da yake.
Katifa ta kwanta, ni ma na bi ta.

Abu ɗaya ne ba wanda ya gaya mini:
mai ofis a gari yakan tashi daga aiki,
ni nawa taku biyu yake da matashina,
yana ƙifta mini koren ido cikin duhu.
Na jefa masa kallabi.

Gobe in na je kasuwa
zan sayo ƙusa mai tsawo.