Kafin Hankaka

Shekara bakwai ina kwana ido biyu a Bangalore,
ina amsa kiran mutanen da ranarsu ke fitowa a tsakar darena.
Na dawo Kuttanad da jaka ɗaya da ciki mai tsami,
ido kamar garwashi, harshe fari kamar an goga masa alli.

Gwaggo Bhargavi ba ta ce min sannu da hanya ba.
Ta kama wuyan hannuna da yatsu uku,
ta yi shiru, kamar mai sauraron ruwa ta ƙarƙashin kwalekwale.
Ta ce, "Iska ta yi maka yawa, Vinayan.
Wutar cikinka kuwa an bar ta ba mai izawa.
Gobe zan tashe ka kafin hankaka."

Ta kuwa tashe ni.
Duhu da sauransa, kwaɗi ba su watse daga taro ba.
Ta miƙo min lanƙwasasshen jan ƙarfe, siriri kamar jinjirin wata,
na mijinta ne, shekara goma sha ɗaya yana rataye a ƙusa.
"Kankare abin da dare ya bari."
Na kankare harshe. Na duba. Kunya ta kama ni.

Sai cokalin man riɗi a baki,
ba haɗiya, ba tofi, ba magana.
Ni da surutu ya ciyar da ni shekara bakwai,
ga ni tsugune a bakin ruwa, kumatu taf,
agwagin Kuttappan na wucewa, ɗari da wani abu,
kowace na faɗin albarkacin bakinta a kaina.

Ruwan ɗumi da citta, kurɓi bayan kurɓi.
Mai a tafin ƙafa, mai a bayan kunne, mai a tsakar ka,
tana murzawa kamar mai lallashin tsohuwar ƙofa.
Numfashi ya shiga ta hancin hagu, ya fita ta na dama,
har fatar bakin gabas ta yi ja a kan bishiyoyin kwakwa.

Rana ta huɗu na yi tawaye.
Na ja mayafi, na rungumi waya, na juya wa duniya baya.
Ba ta ƙwanƙwasa ba.
Ta ajiye kofin a bakin ƙofa, ya huce shi kaɗai.
Da hantsi na fito ina muzurai, tana tsince shinkafa,
ko ɗago kai ba ta yi ba.
"Jiki ba ya jin sanda," in ji ta,
"amma saniya ce, ta san lokacin tatsa.
Ka zo mata a kan kari, za ta sakar maka nono."

Ban san ranar da abin ya juya ba.
Na dai ji yunwa wata safiya, yunwa ta gaskiya,
irin wadda na manta a kan bencin makaranta.
Na cinye waina huɗu na shinkafa, na lashe miyar kwakwa,
ta ƙara min ta biyar ba tare da ta tambaya ba.

Yau ruwan damina ya kwana yana dukan rufi.
Ido ya buɗe da kansa, ba wanda ya taɓa ni.
Ɗakinta shiru. Na leƙa.
Tana zaune a bakin gado, riƙe da gwiwa,
sanyi ya shige ta, ba ta so in gani.

Na hura wuta, na ɗora kaskon mai,
na gwada zafinsa a bayan hannu, yadda na ga tana yi.
Na durƙusa.
Ta ce, "Kana murza ta kamar mai wankin tukunya."
Amma ba ta janye ƙafar ba.

Can cikin jaka waya na gurnani, Bangalore ce,
ban yanke abin da zan ce mata ba tukuna.
Hankaka ya yi kuka a kan reshen mangwaro.
Gwaggo ta ce, "Ya makara."