Mai Makulli

Saje Tanimu ya buɗe akwatin ƙarfe,
ɗakin makamai na warin mai da tsohuwar takarda.
Ya shimfiɗa tsumma a kan tebur,
ya kwantar da su biyu
kamar tarwaɗar da aka tsamo yanzu daga Galma.

"Uwa ɗaya, uba ɗaya," in ji shi,
"harsashi iri ɗaya suke ci.
Sufeto Laraba, zaɓi taki."

Na ɗaga ta hagu. Sanyi ya ratsa tafina.
Kunamarta sakayau,
ko tari ka yi kusa da ita sai ta amsa.
Ta dama kuwa tana da ɗan harshe a gefe,
bai kai ƙwayar gyaɗa ba,
sai babban yatsa ya roƙe shi
kafin bakinta ya buɗe.
Iyakar bambancin ke nan.
A kansa na tsaya har aka kira azahar a Sabon Gari.

Samarinmu duk ta hagu suke so.
Rabin daƙiƙa, in ji su,
shi ke raba mai komawa gida da wanda ake kaiwa.
Ban ƙaryata su ba.
Ni na kai takalman Kofur Ishaya Wusasa,
matarsa ta karɓa da hannu biyu,
ta tambaye ni ko ya ci abinci a daren.
Rabin daƙiƙa ya makara a hanyar Giwa.

Amma akwai wani daren, ƙarƙashin gadar Kwangila.
Ruwa na zuba, fitilu sun mutu,
wani ya taho a guje, hannu cikin aljihu.
Muka ce tsaya, bai tsaya ba.
Yatsana ya riga tunanina isa wurin.
Allah ya sa makullin tsohuwar bindigata ya cije.
Da ya zaro hannun,
takardar magani ce daga asibitin Shika,
ta jiƙe, tawada na bin yatsunsa.
Ɗiyarsa ce a kwance, kuma kurma ne.

Har yau in na wuce gadar
nakan ji babban yatsana yana zufa.

Saje bai ce uffan ba.
Shekara ashirin da shida yana ba da bindiga yana karɓa,
ya san wanda ke zaɓe da hannu
da wanda ke zaɓe da abin da ya hana shi barci.
Goro kawai yake tauna, yana kallon fanka.

Na tura ta hagu gabansa.
Ishaya, ka yafe mini,
na san me rabin daƙiƙa ya ci maka.
Ni dai na fi iya ɗaukar tsoron mutuwata
da in ɗauki takardar nan zuwa gidan wani.

Ya ƙirga harsasai a tafina, goma sha biyar,
kowanne da ɗumin aljihunsa.
Na sa hannu a rajista, layi na tara.
"Ki dawo min da su yadda suke," ya ce,
"ba na son lissafi mai ragi."

A hanyar gida, cikin cunkoson Kasuwar Mata,
ta zauna a ƙuguna da nauyin ɗan goyo.
Yatsana na koyon hanyar makulli ta saman kube,
buɗe, rufe,
buɗe,
rufe.