Wayifa a Ƙarƙashin Gadar Ojota

Hadari ya taso daga wajen teku
muna barin Mile 12 da buhu arba'in na albasa.
Kafin mu fita Ketu sama ta kece.
Na murɗa makunnin wayifa. Shiru.
Na sake murɗawa, kamar mai tashin yaro sallar asuba,
hannuwan nan biyu suna kwance abinsu a gindin gilashi,
ko gezau.

Ruwan Ikko ba ya sallama.
Danfo a dama, tirela a hagu,
jajayen fitilu sun narke sun zama manja a idona.
Na zuro kai ta taga ina tuƙi, ruwa na marina,
har muka raɓe a ƙarƙashin gadar Ojota
inda masu talla suka riga mu, kowa da leda a ka.

Tanimu ya ce, "Oga, injin wayifar ne ya ƙone,
sai Ladipo."
Na ce, kai daga ciwon kai sai ka tambayi kuɗin likkafani.
Marigayi Barau da ya koya min riƙon sitiyari
cewa yake: fara da mai arha.

Na durƙusa, tocila a baki,
na ɓalle murfin akwatin fis.
Rubutunsa ya goge tun kafin motar ta sauka a Apapa.
Ɗaya bayan ɗaya nake zarewa ina ɗagawa ga haske
kamar mai duba ƙwai.
Na bakwai, shuɗi, zaren cikinsa ya tsinke, ya yi baƙi.
Na ciro na rediyo na cusa.
Hannuwa suka miƙe, shara ɗaya, ɗaya da rabi,
ƙyas!
suka sandare a tsakiyar gilashi
kamar waɗanda aka ce wa kada su motsa.

Ruwa ba ya tsami banza.
Fis ba ya mutuwa don son ransa,
kan wani yake fansa.

Muka ɗaga bonet, Tanimu riƙe da tamfol.
Na bi waya da yatsa kamar mai bin sawun akuya,
ja mai ratsin fari,
ta wuce bayan batir, ta kurɗa wata huda a jikin ƙarfe.
Can robar bakin hudar ta faɗi, Allah kaɗai ya san ranar.
Kowane rami na hanyar Ikorodu ya goga mata wuƙa sau ɗaya,
har tagulla ta fito tsirara tana sumbatar ƙarfe.
Aibin bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Shi ya makantar da mota mai tan uku.

Babu salatif.
Baba Lasisi mai faci ya yanko min zirin tsohon tub,
na miƙa kuɗi, ya ture hannuna,
ya nuna buhu da haɓa.
Albasa biyar. Ya ƙirga, ya mayar da ƙarama ya zaɓi babba.

Na naɗe, na ɗaure, na ja, ta zauna.
Saura fis. Na rediyo ya bi ɗan'uwansa.
Na fitila ba ya taɓuwa, magariba ta kawo kai.
Shuɗi ɗaya ya rage a layin:
na hon.

Na daɗe ina kallonsa.
Mota ba hon a Ikko, ai bebe ne a kasuwa.
Amma da bebe da makaho, wa zai kai Ijora?
Na zare.

Dama, hagu. Dama, hagu.
Hanya ta dawo da kwaltarta da ramukanta.
Wani danfo ya yanko gabana a Maryland,
na danna tsakiyar sitiyari da dukan ƙarfina,
ba abin da ya fito sai haushina.
Tanimu ya zura rabin jikinsa waje,
yana dukan ƙofa da tafin hannu,
yana ihu da Yarabancin da ban san ya iya ba.